Saniyar da Ake Tatsa a Asibiti

Darasin kimiyya na wannan makon a kan wata sana'a ne da ba a cika jin sunanta ba, wato aikin masu raba sinadaran nukiliya. Da aikinsu ne likita yake iya ganin ciwon da ya ɓuya a cikin ƙashi ko zuciya ba tare da an yi wa mutum tiyata ba.

Mene ne isotof?

Kowane abu a duniya da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Wani lokaci sinadari ɗaya yakan samu ƙwayoyi masu nauyi daban-daban, su ne ake kira isotof. Wasunsu ba sa zama yadda suke. Suna fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma a hankali suna rikiɗewa su koma wani sinadarin. Lokacin da rabinsu yake ɗauka kafin ya rikiɗe shi ake kira rabin rai.

Wanda aka fi amfani da shi a asibitoci shi ne teknishiyam-99m. Ana yi wa mara lafiya allurarsa kaɗan, sai wata kyamara ta musamman ta bi hasken ta nuna inda ciwon yake. Rabin ransa awa 6 ne kacal. Idan kana da kashi 100 da ƙarfe shida na safe, da sha biyun rana saura 50, da shida na yamma saura 25. Wannan alheri ne ga mara lafiya, domin ba ya daɗewa a jikinsa. Amma kuma ba a iya ajiye shi a kanti kamar farasitamol.

Ina saniyar take?

A shekarar 1958, masana a cibiyar Brookhaven ta Amurka suka samo dabara. Teknishiyam-99m ɗa ne ga wani isotof mai suna molibdinam-99, wanda rabin ransa awa 66 ne. Sai a liƙa uwar a jikin garin alumina cikin wani ɗan bututu, a lulluɓe shi da dalma, a aika asibiti. Uwar tana nan tana ta haifar ɗan. Kowace safiya sai a bi da ruwan gishiri ta cikin bututun. Ruwan ya wanko ɗan, uwar kuwa ta tsaya a liƙe. Shi ya sa ma'aikatan suke kiran na'urar saniya, aikin kuma tatsa. Bayan kamar mako ɗaya ko biyu nonon ya yi ƙasa, sai an kawo sabuwa.

Ita uwar a tukunyar nukiliya ake samunta, idan yuraniyam ya tarwatse. Tana fitowa a cakuɗe da sinadarai masu haɗari da yawa. Dole a tsame ta, kamar yadda iyayenmu mata suke rege tsakuwa daga shinkafa. Sai dai a nan ba a taɓawa da hannu. Ma'aikaci yana tsayawa a bayan bango mai kauri, yana leƙe ta gilashi, yana sarrafa hannuwan ƙarfe.

Tukwanen da suke wannan aiki 'yan kaɗan ne a duniya, kamar na Holan, Beljiyam, Ostireliya da Afirka ta Kudu. A 2009 tukunyar Kanada ta lalace, aka yi ƙarancin maganin a ƙasashe da yawa, har aka riƙa ɗage wa marasa lafiya ranar gwaji.

Yaya ake zama masanin wannan fanni?

Hanyar doguwa ce. Bayan sakandare sai digiri na farko a kemistiri, sai na biyu, sai digirin digirgir. Daga nan da yawa sukan ƙara shekara biyu ko uku suna bincike a ƙarƙashin wani babban masani, ana biyansu albashi. A cibiyar Oak Ridge ta Amurka, misali, ana tatsar aktiniyam-225 daga toriyam-229 domin binciken maganin ciwon daji.

Aikin yana son haƙuri da taka-tsantsan. Marie Curie ta sarrafa tan-tan na dutse kafin ta samu kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyam a 1902. Ta ci kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911, amma ta rasu a 1934 da ciwon jini da ake dangantawa da hasken. Yanzu kowane ma'aikaci yana maƙala wani ɗan ma'auni a rigarsa mai ƙirga hasken da ya shiga jikinsa.

Mu ma muna da wurin farawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da ƙaramar tukunyar bincike da ta fara aiki a 2004, ana koyarwa da gwaje-gwaje da ita. Matakin farko dai yana ajinmu: lissafi da kimiyya.

Tambayar mako: idan asibiti ya tatsi kashi 80 na teknishiyam-99m da ƙarfe shida na safiyar Litinin, nawa zai rage da ƙarfe shida na safiyar Talata? A miƙa amsa ga ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.