Idan ma'aikacinka ya tarar da gawar ɗan haya

Idan ɗan haya da ke zaune shi kaɗai ya rasu a ɗakinsa, galibi ba danginsa ke fara ganinsa ba. Mai gadi ne, ko mai karɓar kuɗin haya, wanda maƙwabta suka kira don sun ji wari ko sun kwana biyu ba su ga mutumin ba. Da an ɗauke gawa sai hankalin kowa ya koma kan dangi da gyaran ɗaki, shi kuwa wanda ya buɗe ƙofar a ce ya yi haƙuri ya koma bakin aiki. Aikinka ne ya kai shi ɗakin nan, saboda haka nauyinsa na wuyanka.

A ranar farko taimako yake buƙata, ba dogon jawabi ba. A haɗa shi da wani babba daga ofis su tafi wurin 'yan sanda tare, domin wanda ya fara ganin gawa shi ake tsarewa da tambayoyi, kuma fargabar a ɗora masa laifi tana iya fin ganin gawar tayar masa da hankali. Kada a sa shi share ɗakin. Wannan aikin masu safar hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta ne. A ba shi hutu da albashinsa, wani nasa ya zauna da shi. Idan yana son magana a saurare shi, amma kada a tilasta masa maimaita abin da ya gani, abin da 'yan tsegumi suka fi ƙauna. Jagoran agajin farko na tunani da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya hana matsa wa mutum ya ba da labari, a 2013 kuma ta gargaɗi likitoci kan ba da ƙwayoyi irin su diazepam don firgicin makonnin farko. Kada kowa ya aika kemis a sayo masa su.

Wani zai ce mutuwa ba baƙuwarmu ba ce, kullum muna jana'iza, tawakkali ya isa. Addu'a da zama cikin jama'a suna taimakawa ƙwarai. Sai dai mai wankan gawa ya san inda za shi, ya shirya, yana da abokan aiki. Wannan kuwa ya faɗa ne ba zato, shi kaɗai, wataƙila ga jikin da ya fara ruɓewa. Firgicinsa ba raunin imani ba ne. Mai kukan asarar kwanakin aiki kuma ya lissafa kuɗin neman sabon amintacce idan wannan ya ajiye makullai.

Yawancin mutane kan warware da kansu cikin makonni. Idan wata guda ya wuce yana mugun mafarki, yana kauce wa gidan, ko barci ya gagara, ka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, kamar a asibitin Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna, ka biya kuɗin. Idan ya ambaci kashe kansa, ranar za a tafi.