A Bar Kaza Cikin Gashinta? Jan Hankali Kan Yaran da Aka Zalunta da Ciwon Damuwa

An rubuta wannan 'yar takarda domin iyaye da malamai da masu unguwanni na ƙasar Boɗinga da Shagari. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure ko a makarantar matan aure. Maganar da ke ciki mai nauyi ce a baki, amma rashin sani ya fi dare duhu.

Wa ake rufa wa asiri?

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. A wayi gari an gane wani babba ya lalata yarinya 'yar talla, ko an ga shatar wuta a jikin ɗan riƙo. Kafin azahar dangin mai laifi sun iso da dattawa. Sai a ji ana cewa, "A rufa asiri, duk gida ne." Wani ya ce, "In magana ta fita, wa zai aure ta?" A kawo kuɗin magani, a yi fatiha, a watse. An bar kaza cikin gashinta ke nan.

To, jama'a, mu tsaya mu yi lissafi. Mai laifi ya koma shagonsa, gobe wata yarinyar za ta je sayen magi. Dattawa sun koma gida da sunan sun kashe wuta. Saura wa? Saura yaron da ya ga manya sun taru a kansa sun tashi, ba wanda ya tambaye shi inda ke masa ciwo. Abin da ya koya ran nan shi ne mutuncin gida ya fi shi daraja, kuma bakinsa ne abin tsoro. Asirin da aka rufa na azzalumi ne. Yaro kuwa rufe shi aka yi tare da ciwonsa.

Kada wani ya ce wannan halin mutanen birni ne. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF, ta yi bincike a faɗin Nijeriya. Aka samu yara 6 cikin 10 sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Mai yin abin kuma galibi ba baƙo ba ne, sananne ne wanda yaro ke gaisarwa.

Mene ne cin zarafin yaro?

Iri huɗu ne. Akwai na jiki: dukan da ke fasa fata ko karya ƙashi, ƙuna, ɗauri da mari ko igiya. Tarbiyya daban, huce haushi a jikin yaro daban. Akwai lalata, ko da yaro bai yi ihu ba, ko da alewa aka ba shi, domin yaro ba shi da yardar da zai bayar a wannan sha'ani, namiji ne ko mace. Akwai na baki: zagi kullum, gori, kiran agola ko maraya da sunan banza har ya yarda shi ba kowa ba ne. Na huɗu sakaci: barin yaro da yunwa da rashin magani, ko tura shi almajiranci ko aikatau a manta da shi.

Inda ciwon ke komawa

Miki a fata yana warkewa a bar tabo. Na zuciya in ba a kula da shi ba, ciki yake ci. Sau da yawa yakan zama abin da likitoci ke kira ciwon damuwa. Ba baƙin cikin kwana biyu ake nufi ba. Idan mutum ya kai mako 2 ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake so da ya fita daga ransa, barci ya ƙi ko ya yi yawa, abinci ya ƙi shiga, jiki ya mutu, yana ganin kansa mai laifi marar amfani, to a yi zaton wannan ciwo.

Yaro ba zai ce "ina da damuwa" ba. Sai dai a ga mai surutu ya yi tsit, wanda ya daina fitsarin kwance ya koma yi, yana firgita cikin barci, yana ƙin a aike shi wani gida, hadda ta zube, ciwon ciki da ciwon kai ba dalili. Wani kuma faɗa da taurin kai zai tsira, a ƙara masa da bulala.

Wani ciwon sai an girma yake tasowa. Amarya ta kasa zaman aure a ce iska ce ko sammu. Saurayi ya faɗa shaye-shaye a ce ɗan iska ne. Mai jego ta kasa kallon jaririnta a ce ba ta da tausayi. Ba duka ne ke da tushe a ƙuruciya ba, amma da yawa can ne aka shuka su.

Ciwon damuwa ba raunin imani ba ne. Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah (SAW). Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya yi rubuce-rubuce kan magunguna. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti, kamar yadda ake yi wa mai hawan jini.

In yaro ya buɗe baki

Na ɗaya, a saurare shi a natse, a gaskata shi. Kada a yi salati da kururuwa a tara masa jama'a, kada a ce, "Me ya kai ki?" Kalma uku yake bukata: na yarda da kai, ba laifinka ba ne, ka kyauta da ka faɗa.

Na biyu, a raba shi da wanda ake zargi nan take, ko da kawunsa ne ko malaminsa.

Na uku, in lalata ce, a tafi asibiti ran nan. Maganin da ke hana kamuwa da ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72, wato kwana 3, kuma gara a fara da wuri. In da hali kada a yi wa yaro wanka, kada a wanke tufafin, domin shaida ce. In an riga an wanke, a tafi duk da haka. In ma abin ya daɗe, zuwan yana da amfani.

Na huɗu, a kai rahoto. Kuɗin sulhu ba ya goge laifi, sai dai ya saya wa mai laifi damar sakewa.

Ina za a je?

Daga Sifawa ko Dingyaɗi, daga Kajiji ko Dandin Mahe, matakin farko shi ne asibitin gwamnati mafi kusa, a nemi takardar turawa in abin ya fi ƙarfinsu. Titin da ya ratsa Shagari da Boɗinga shi ne ya shiga birnin Sakkwato, inda mafi yawan wuraren da za mu ambata suke.

Cibiyar Nana Khadija tana cikin Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. An buɗe ta a 2020 da tallafin Tarayyar Turai da Majalisar Ɗinkin Duniya, domin waɗanda aka yi wa fyaɗe da makamancinsa. Ana duba lafiya, a ba da magani, a zauna da mutum a kwantar masa da hankali, a rubuta rahoton likita da kotu ke bukata, duk kyauta kuma cikin sirri. Ga rufin asiri na gaskiya: wanda ke rufe yaro daga bakin duniya, ya kuma yi masa magani.

Domin ciwon damuwa akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa da ke Kware. Mun san da an ce Kware sai mutane su yi dariya. Wannan jahilci ne. Da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su koma gida ran nan. Magani iri biyu ne: zama da ƙwararre ana tattaunawa, da ƙwaya in likita ya ga bukata. Ƙwayar takan ɗauki makonni kafin a ji sauƙi, kuma ba a yanke ta sai da izinin likita. Kada a saya a kemis da ka.

Domin neman haƙƙi akwai 'yan sanda, da Ma'aikatar Mata da Yara ta jiha, da jami'in walwalar jama'a a sakatariyar ƙaramar hukuma, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. In an kai yaro aikatau nesa ana bautar da shi, hukumar NAPTIP tana da ofis a Sakkwato. Doka kuma tana bayan mai ƙara. A 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa hannu kan Dokar Kare Yara da Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa.

Gargaɗi na musamman

Idan mutum ya fara cewa, "Gara in mutu in huta," kada a ɗauka shagwaɓa ce, kada kuma a rufe shi da wa'azin wuta. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, tambaya ba ta sa mutum aikatawa. A kawar da fiya-fiya da maganin ɓera da maganin feshin gona daga inda hannunsa zai kai. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti ran nan.

Zuwa ga wanda ya girma da abin a ciki

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila shekara 20 ke nan ba ka faɗa wa kowa ba. Kunyar da kake ɗauke da ita kayan wani ne aka aza maka. Nemi mutum ɗaya mai amana, ko inna ko aminiya ko ma'aikacin lafiya, ka sauke masa gwargwadon abin da za ka iya. Ba dole sai ka faɗi duka ba, ba dole sai ka je kotu ba. Ciwon nan yana jin magani, ko an daɗe.

Aikin shugabanni

A Sifawa Shehu Usmanu ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato, Malam Abdullahi ƙanensa kuma ya zauna Boɗinga. A littafinsa Nurul Albab, Shehu ya zargi malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, bai ce a yi shiru don kare mutuncin malamai ba. Alhaji Shehu Shagari kuwa malamin makaranta ne kafin ya zama shugaban ƙasa. Ƙasar da ta gaji waɗannan ba ta da uzurin kau da kai daga yaro.

Saboda haka liman ya sa wannan magana cikin huɗuba. Malamin allo da na boko su lura da ɗalibin da ya sauya. Ungozoma da ta ga alama kada ta haɗiye. Mai unguwa kuwa, ran da aka zo masa da goron sulhu kan yarinyar da aka lalata, ya mayar da goron, ya nemo mota, ya ce a fara kai ta asibiti. Muna cewa ɗa na kowa ne. Ran da aka zalunce shi, ran nan ake gane ko da gaske muke.