Ganin Dukiyar Makiyaya a Takanamat da Arewacin Adar

Takanamat, wadda ke arewa maso yammacin birnin Tawa a Jamhuriyar Nijar, tana bakin iyakar ƙasar noma da ƙasar kiwo, iyakar da dokar shekarar 1961 ta shata, kuma abin da ke jan baƙi zuwa wannan yanki shi ne dabbobinsa: saniyar Azawak mai gajeren ƙaho, wadda ta yi suna wajen yawan nono, da jan sa na Bororo mai dogayen ƙahoni, da raƙuman Buzaye.

Tarkon da ya fi kama baƙo shi ne lokacin zuwa. Mutane da yawa suna zaɓar damina, da tunanin cewa inda ciyawa ta fito can shanu suke, alhali da zarar an yi shuka makiyaya kan bi burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi a tsakanin gonaki, su nausa arewa cikin yankin Azawak, wasu har Ingal a jihar Agadas, inda ƙasa mai gishiri take, inda kuma ake taron makiyaya a watan Satumba. Garkunan ba sa gangarowa sai bayan girbi, lokacin da hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki domin dabbobi su ci kara. Wanda ya zo da sanyin hunturu shi ne zai tarar da rijiya cike da rai, raƙumi na jan wasaki, babban gugan fata, yana tafiya mai nisa kafin ruwa ya iso baki, garke kuma na jiran layinsa a gindin aduwa. Direbobin tasha ba safai suke faɗin wannan ba, domin cika mota ne a gabansu, kuma hakan bai dace ba.

A bakin rijiya, ba a tambayar makiyayi adadin shanunsa, ba a kuma ɗaukar hoto sai an yi sallama an nemi izini. Cuku, busasshen nonon da mata ke shanyawa fale-fale, ya fi daɗi da shayi. Rufaffen takalmi wajibi ne saboda ƙarangiya.

Batun tsaro ya fi duk waɗannan nauyi, domin harin da aka kai ƙauyukan Tilliya, a nan jihar Tawa, a watan Maris na 2021 ya halaka mutane fiye da 130, saboda haka wajibi ne matafiyi ya tuntuɓi hukumomi a Tawa kafin ya kama hanya, ya tafi da ɗan gari, ya kuma guji tafiyar dare.