Malam Fleming, Mai Bawul da Yatsu Uku

Ran da na fara koyar da darasin lantarki a gaban aji, lokacin gwajin koyarwa, na ɗaga hannun hagu inda ya kamata in ɗaga na dama. Yara suka kwafa, ni kuwa sai da na koma ɗaki na gane na ɓatar da su. Kunyar wannan ce ta sa na nemi labarin mutumin da ya ƙago dabarar yatsun nan, don kada wani cikinku ya faɗa inda na faɗa.

Sunansa John Ambrose Fleming, an haife shi a Lancaster ta ƙasar Ingila cikin 1849. Abin da ya fara burge ni shi ne, irinmu ne, watau malamin makaranta. Ba ɗan masu dukiya ba ne, sai ya yi karatu ya tsaya ya yi aiki, ya tara 'yan kuɗi ya koma. Ya koyar da kimiyya a Kwalejin Cheltenham, sa'an nan cikin 1877 ya tafi Kambirij ya zauna gaban babban masanin nan Maxwell. Karatun Maxwell da wuya ƙwarai, har wani lokaci Fleming kaɗai ke zaune a ajin. Daga baya ya zama shehun malami na farko na fannin aikin lantarki a University College ta Landan, ya kuwa riƙe wannan aiki shekara 40 da 'yan kai, har 1926.

To, ga dabarar yatsun. Ka miƙe babban yatsa da manuniya da na tsakiya, kowanne ya dubi nasa gefen, kamar yadda bango biyu da daɓe ke haɗuwa a kusurwar ɗaki. Manuniya tana nuna inda ƙarfin maganaɗisu ya nufa, na tsakiya yana nuna inda lantarki ke bi, babban yatsa kuwa motsi. In lantarki ne ke juya inji, hannun hagu za ka ɗaga. In juya injin ne ke haifar da lantarki, kamar janareta, to, hannun dama. Nan ne na yi tuntuɓe.

Amma babban aikinsa wajen wayar iska yake. Cikin 1899 kamfanin Marconi ya ɗauke shi mai ba da shawara, shi ne kuma ya tsara manyan injunan tashar Poldhu da ke Cornwall. Ran 12 ga Disamba 1901 aka aika harafin S daga can, Marconi ya ji shi a Newfoundland, tafiyar fiye da mil 2,000 bisa teku. Duniya ta yi ta yabon Marconi, ba a ko ambaci Fleming sosai ba, abin kuwa ya ci masa rai. A ganina yana da gaskiya.

Wahalar da ta rage ita ce ta kama saƙon. Lantarkin da wayar iska ke kawowa kai da komowa yake yi, sau dubbai cikin ƙiftawar ido, allurar ma'auni ba ta iya binsa, sai ta tsaya cik. Ga shi kuma Fleming kunnensa ya yi nauyi, ya fi son abin da zai gani da ido. Sai ya tuna da wasu ƙwayayen lantarki da ya yi gwaji da su tun shekarun 1880, ya ajiye cikin kabad. Edison ya riga ya lura cewa in an sa ɗan farantin ƙarfe cikin ƙwan da aka zuƙe wa iska, lantarki kan tsallaka daga zazzafar wayar zuwa farantin, amma bai ga inda abin zai kai ba. Dalili kuwa, wayar nan in ta yi zafi tana fesar da ƙananan ƙwayoyin da ake kira ilaktaron, farantin kuwa da yake sanyi gare shi ba ya fesar da kome. Saboda haka hanya ɗaya ce, a tafi ba a komo ba. Wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san wannan: iska ta shiga, ba ta fita. Shi ya sa ya kira abin bawul. Da ya haɗa shi da na'urar kama saƙo, sai allura ta motsa. Ya yi rajistar ƙirƙirar cikin Nuwamba 1904.

Cikin 1906 wani Ba'amurke, Lee de Forest, ya ƙara waya ta uku a ciki, daga baya aka gane ƙwan yana iya ƙara wa saƙo ƙarfi. Aka yi ta shari'a shekara da shekaru, har cikin 1943 Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke rajistar Fleming a can ƙasar. Amma dai rediyo da talabijin da kwamfutocin farko duk da jikokin ƙwansa suka yi aiki, kafin taransista da aka ƙago cikin 1947 ta ture su.

Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir cikin 1929. Ya rasu cikin 1945 a Sidmouth, yana da shekara 95.