Daga Ikko Zuwa Landan a Jirgin Sama

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Tsohon garin Ikko bisa tsibiri yake. Shi ne babban birnin Nijeriya har shekarar 1991, sa'ad da aka koma Abuja. Landan kuwa, babban birnin Ingila, tana cikin wani babban tsibiri da ake kira Birtaniya.

A shekarar 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Ingila, daga can ya wuce Makka. A zamanin nan, mai zuwa Ingila sai ya shiga jirgin ƙasa a Kano ya sauka Ikko. Daga nan ya shiga jirgin ruwa, ya yi wajen mako 2 bisa teku. Jirgin sama bai taɓa sauka Kano ba sai a 1925.

Yau fa? Tsakanin Ikko da Landan kamar kilomita 5,000 ne, watau wajen mil 3,100. Daga Katsina zuwa Kano kamar kilomita 170 ne. Ashe zuwa Landan ya yi kusan zuwa Kano sau 30. Amma jirgin sama yakan cinye wannan nisa cikin awa 6 da rabi. Yakan tashi daga Ikeja, kusa da tsibirin Ikko, ya nufi arewa. Ya ƙetare hamadar Sahara, da Bahar Rum, da ƙasar Faransa, kana ya sauka. In ya lula sama, yakan yi fiye da kilomita 800 cikin awa guda.

To, ku lura da wani abu. Lokacin sanyi, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris, agogon Landan yana bayan namu da awa 1. Sauran watanni kuwa daidai suke tafiya. In jirgi ya tashi ƙarfe 11 na dare a watan Janairu, zai sauka ƙarfe 5 da rabi na asuba bisa agogonmu. Amma agogon Landan ƙarfe 4 da rabi zai nuna.

Jama'a, jirgin sama ba ya jiran kowa. Ba kamar motar tasha ba ne, da sai ta cika ta tashi. Ranar tashi da lokacin tashi duk a rubuce suke cikin tikiti. Haka yake ga maniyyacin da zai tashi daga filin jirgin Katsina zuwa aikin haji. Wanda ya iya karatu, shi zai duba da kansa. Wanda bai iya ba, sai abin da aka faɗa masa. In an faɗa masa kuskure, ya tarar jirgi ya tafi.

Tambayoyi

1. Mene ne tsibiri?
2. A wace shekara Sarki Dikko ya tafi Ingila?
3. Awa nawa ne cikin mako 2?
4. Jirgi ya tashi Ikko ƙarfe 10 na safe a watan Yuli. Ƙarfe nawa zai sauka Landan?