Kujerar Motar Tsere da Fasinja Mai Ciwon Baya

Gabatarwa

Motocin tsere na kan titi, irin su Porsche 911 ta Jamus da Mazda MX-5 ta Japan, an ƙera su ne domin gudu da kuma iya shan kwana ba tare da sun kauce hanya ba. Mai tuƙi yakan ji daɗinsu ƙwarai da gaske. Amma wanda ke zaune a gefensa, musamman idan yana fama da ciwon baya, sau da yawa labarinsa daban ne. Kafin a yi tafiyar awa guda ƙugunsa ya riƙe, idan aka tsaya kuma fitowa daga motar ta zama aiki. To, me ya sa kujerar da aka kashe maƙudan kuɗi wajen ƙera ta take gallaza wa wani, kuma ta yaya za a zaɓi wadda za ta dace da shi?

Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke kassara mutane a duniya. Ko da yake irin waɗannan motoci ba su da yawa a titunan ƙasar Hausa, suna da amfani wajen nazari, domin a cikinsu ne matsalolin zama suka fi fitowa fili. Ɗalibin da ya fahimce su zai fahimci abin da ke samun bayan direban haya, ko na fasinjan da ya taso daga Kano zuwa Maiduguri.

1. Tsarin Ƙashin Baya

Ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Jerin ƙananan ƙasusuwa 33 ne da aka ɗora bisa juna: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji inda haƙarƙari ke manne, 5 a ƙugu, 5 da suka haɗe suka zama ƙashi guda tsakanin kwatangwalo, sai kimanin 4 a can ƙarshe. A tsakanin ƙasusuwan da ke motsi akwai faya-fayan guringuntsi guda 23. Kowane faifai yana da zagaye mai tauri, hawa-hawa kamar ɓawon albasa, cikinsa kuma akwai abu mai laushi da ke riƙe ruwa. Aikinsa shi ne ya raba nauyi, ya kuma hana ƙasusuwan gogar juna.

Idan aka dubi ƙashin baya daga gefe, za a ga ba miƙe yake kamar sanda ba. A wuya ya lanƙwasa gaba, a bayan ƙirji ya koma baya, a ƙugu kuma ya sake lanƙwasawa gaba. Wannan lanƙwasa ta ƙugu ita ce ginshiƙin wannan darasi, domin faya-fayan da ke wurin su ne suke ɗauke da nauyin rabin jiki na sama. Har ila yau, faifan baligi kusan ba shi da hanyoyin jini a cikinsa. Abincinsa yana ratsowa ne a hankali daga hanyoyin jinin da ke kewaye da shi, ruwa kuma yana kai da komowa a cikinsa idan aka danne shi aka saki, kamar yadda soso ke yi. Saboda haka faifai yana buƙatar motsi, dogon zama wuri guda kuwa yana cutar da shi.

2. Abin da Zama Ke Yi wa Baya

A shekarar 1953 wani likita Ba'amurke mai suna J. Jay Keegan ya yi amfani da hoton ƙashi ya nuna cewa lanƙwasar ƙugu ta fi zama daidai idan kusurwar da ke tsakanin gangar jiki da cinya ta kai kimanin digiri 135. Idan kusurwar ta tsuke ta koma digiri 90, sai ƙashin ƙugu ya mirgina baya, lanƙwasar ta baje, gaban faifai ya matse, abin da ke cikinsa ya nufi baya inda jijiyoyi suke.

Daga baya, a ƙasar Suwidin, Alf Nachemson ya riƙa saka siririyar allura cikin faifan masu sa kai yana auna matsin da ke ciki. A 1974 shi da abokan aikinsa suka gwada kujerar direban mota, suka gano cewa matsin yana raguwa idan aka ɗan kwantar da majinginar, yana kuma ƙara raguwa idan aka sa matokari a daidai ƙugu. A 1999 Hans-Joachim Wilke da abokan aikinsa a Jamus suka sake wannan awo da kayan aiki na zamani a jikin mutum guda. Suka ga cewa zama a sake bai fi tsayuwa matsa faifai ba, amma zama a duƙe ya ƙara matsin da kusan kashi biyu cikin uku. Ashe ke nan ba zaman kansa ne laifi ba, yadda aka zauna ne da kuma tsawon lokacin da aka ɗauka.

3. Me Ya Bambanta Motar Tsere?

Domin kada mota ta kife a kwana, masu ƙira sukan kusantar da nauyinta ga ƙasa. Motar Ford GT40 ta shekarun 1960 ta samo sunanta ne daga tsayinta na inci 40, wato mita ɗaya da 'yan kai. Rufin mota idan ya yi ƙasa, dole kujera ta bi shi. Sai a tarar da fasinja ya zauna kusan a daɓen motar, ƙafafunsa a miƙe, gwiwoyinsa sun ɗara kwatangwalonsa tsayi. Tsokokin bayan cinya suna manne ne da ƙasan ƙashin ƙugu, don haka idan aka miƙe ƙafa sai su ja shi ya mirgina baya, lanƙwasar ta baje. Bugu da ƙari, a mota mai kujera biyu akwai bango dab da bayan kujerar, wanda yakan hana a kwantar da majingina yadda ake so. Shiga da fita ma sai an duƙa an murɗa jiki lokaci guda, kuma wannan ne motsin da mai ciwon baya ya fi tsoro.

Abu na biyu shi ne ƙarfin da ke tura mutum gefe idan mota na shan kwana. Ana lissafa shi ta hanyar ninka gudu da kansa, a raba da nisan da ke tsakanin motar da cibiyar kwanar, sannan a ninka da nauyin mutum. Alal misali, motar da ke gudun kilomita 72 a awa tana cin mita 20 a daƙiƙa. Idan nisan cibiyar kwanar mita 100 ne, 20 sau 20 ya ba da 400, a raba da 100 a sami 4. Ga mutum mai kilo 70, ƙarfin ya zama niyuton 280, wato kamar a ce an ɗaura masa kaya mai kilo 28 yana jansa gefe. Direba yana riƙe da sitiyari, ya kuma san lokacin da zai karya kwana. Fasinja ba shi da abin riƙo, ba shi da masaniya, sai tsokokin bayansa su yi ta ɗaurewa ba shiri har su gaji.

Wannan ne dalilin da ya sa ake yi wa kujerun tsere tudu a gefe da gefe. Kamfanin Recaro na Jamus, wanda asalinsa masana'antar Reutter ce da ke ƙera wa Porsche gangar mota a birnin Stuttgart, ya fito da kujerarsa ta farko mai irin wannan tsari a 1965. Tudun gefe alheri ne ga mai ciwon baya idan ya yi daidai da faɗin jikinsa, domin yana ɗauke wa tsoka aiki. Idan ya yi masa kaɗan kuwa, sai ya matse kwatangwalo, ya hana shi gyara zama. Mafi tsanani ita ce kujera mai siffar ƙoƙo, wadda mazauninta da majinginarta a haɗe suke, ba a iya kwantar da ita ko kaɗan. An yi ta ne domin filin tsere, ba domin doguwar tafiya ba.

4. Girgiza

Kowane abu yana da adadin kaɗawar da ya fi amsawa. Yaron da ke kan lilo, idan ana tura shi a daidai lokacin da lilon ke komawa, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi sama. Haka jikin mutumin da ke zaune yake. Girgizar sama da ƙasa da ya fi amsawa ita ce mai kaɗawa sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, kuma a wannan tsakani gangar jiki takan yi motsin da ya fi na kujerar kanta. A 1975 Jennifer Kelsey da abokin aikinta a Amurka suka ruwaito cewa mazan da ke shafe rabin lokacin aikinsu ko fiye suna tuƙi sun fi sauran haɗarin gocewar faifan ƙugu da kusan ninki uku.

Sifirin da shakazoba su ne ke tace girgizar titi. Motar iyali mai taushin sifirin, irin Peugeot 504 da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, gangarta takan yi lilo kimanin sau 1 zuwa 1.5 a daƙiƙa, nesa da abin da jiki ke amsawa. Ta tsere kuwa sifirinta mai tauri ne, lilonta yakan kai sau 2 ko fiye, tayoyinta kuma sirara ne a gefe, don haka kaso mafi yawa na dukan titi yana isowa kujera. Ke nan kujera mai kyau a kan mota mai tsananin tauri ba za ta wadatar ba.

5. Yadda Ake Zaɓe

Wanda zai zauna a kujerar shi ya kamata ya gwada ta, kuma a kan titi irin wanda za a riƙa bi, na aƙalla rabin awa, domin zaman minti biyar a wurin sayarwa ba ya nuna komai. Abubuwan dubawa su ne:

(a) Matokarin ƙugu da ake iya turowa gaba, a kuma ɗaga shi sama ko a sauke, har ya faɗa daidai lanƙwasar mai zama. Idan babu, tawul da aka naɗe zai iya maye gurbinsa.

(b) Majingina mai kwanciya, a saita ta kaɗan bayan miƙe, kimanin digiri 100 zuwa 110.

(c) Mazauni da ake iya ɗagawa da karkatawa, domin kwatangwalo ya kusa daidaita da gwiwa, cinya kuma ta samu tallafi, a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa.

(d) Tudun gefe da ake iya buɗawa ko tsukewa.

(e) Soso mai ɗan tauri. Mai laushi da yawa yakan lotsa, ƙugu ya nutse.

(f) Shakazoba mai sauya tauri, da tayoyi masu kaurin gefe.

A lura cewa a motoci da dama kujerar direba ta fi ta fasinja yawan abubuwan saitawa, don haka a bincika tun kafin a biya kuɗi. Wasu kamfanoni, kamar Porsche, suna sayar da kujerun da ake saitawa ta hanyoyi 18. A Jamus kuma akwai ƙungiyar kula da lafiyar baya mai suna AGR, wadda ke ba da hatimi ga kujerun da suka cika sharuɗɗanta. Motocin gudu da aka tsara domin doguwar tafiya sun fi tsantsar na tsere sauƙi ga baya.

6. Gargaɗi

Kada neman sauƙi ya kai ga kwantar da majingina sosai mota na tafiya, domin idan aka yi karo jiki zai iya zamewa ta ƙarƙashin bel, bel ɗin ya danne ciki maimakon ƙashin ƙugu. Haka kuma motocin zamani da yawa suna da jakar iska da na'urar gane mai zama a cikin kujera, saboda haka musanya kujera aiki ne na ƙwararre. A cire walat daga aljihun baya, a kuma tsaya a taka ƙasa aƙalla bayan kowace awa biyu, mai ciwo kuwa ya fi haka yawaita tsayawa. Wajen fita, a juyo da jiki gaba ɗaya, a sauke ƙafafu biyu, sannan a miƙe. Kujera ba magani ba ce. Idan ciwon baya ya zo da raunin ƙafa, ko mutuwar jiki tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari ko bayan gida, a garzaya asibiti nan take.

Aikin Aji

1. Ɗalibi ya auna tsayinsa da zarar ya tashi barci, ya sake aunawa da dare. Yawanci za a ga ragin santimita 1 zuwa 2. A bayyana dalili bisa abin da aka karanta game da faifai.

2. Ɗalibi ya zauna a tabarma ƙafafu a miƙe, ya shafa ƙasan bayansa, sannan ya zauna a benci gwiwa a lanƙwashe ya sake shafawa. A wane zama lanƙwasar ta ɓace?

3. A sake lissafin sashe na 3 idan gudun motar ya koma kilomita 36 a awa. Malami ya jawo hankalin ɗalibai ga cewa rage gudu da rabi yana mayar da ƙarfin kashi ɗaya cikin huɗu, wato niyuton 70.

Kammalawa

Abubuwa uku ne ke tantance ko fasinja mai ciwon baya zai isa lafiya: lanƙwasar ƙugunsa ta samu matokari, girgizar titi ta ragu kafin ta iso shi, sannan ya samu damar motsawa. Lissafi na uku ya nuna cewa akwai na huɗu, wanda ba a saye da kuɗi, wato direban da ke sassauta gudu a kwana saboda wanda ke gefensa.