Sababbin Harsasan Farauta Masu Tsananin Gudu: Da Gaske Sun Fi Na Da?

Duk mai buga PUBG ya san yadda ake rububin AWM idan akwati ya faɗo daga sama, ya kuma san tana cin harsashin .300 Magnum ne. Wannan harsashi na gaske ne, kamfanin Winchester na Amurka ne ya fito da shi a 1963. Kamar yadda kamfanonin waya ke fito da sabon samfuri duk shekara, haka masu ƙera harsasan farauta a Amurka da Turai ke yi, kowane sabo ana tallarsa da cewa ya fi gudu, ya fi zuwa nesa. Yau za mu duba wannan iƙirari da lissafi da tarihi. Darasin na fahimtar kimiyya ne kawai, domin mallakar irin waɗannan bindigogi ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar Najeriya da Nijar.

Yadda harsashi yake

Harsashi ɗaya yana da sassa huɗu: kwanso, wanda galibi na tagulla ne, albarushin da ke cikinsa, ɗan maɓallin da ke gindinsa wanda ke tada wuta idan an ja kunama, sai kan harsashin, wato ɓangaren da ke fita ya tafi. Albarushi na ƙonewa ya zama iska mai matsi, ita ce ke tura kan harsashin ta cikin bututu.

Bindigar toka da maharbanmu suka sani tana amfani da baƙin albarushi mai hayaƙi, kuma haka duniya take har zuwa 1884, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya haɗa albarushi marar hayaƙi. Wannan ne babban tsallen da aka taɓa yi a wannan fanni, domin gudun harsashi ya ƙaru sosai cikin 'yan shekaru. Fitattun harsasan da ake kira "na da" duk sun zo ne bayan haka: 7x57 Mauser a 1892, 6.5x55 na ƙasashen Suwidin da Norwe a 1894, .30-06 Springfield da sojan Amurka suka ɗauka a 1906, .270 Winchester a 1925, da .308 Winchester a 1952. Har gobe ana sayar da su, ana farauta da su.

Su kuma sababbin su ne irin 6.5 Creedmoor da kamfanin Hornady ya fitar a 2007, 28 Nosler a 2015, 6.5 PRC a 2018, 6.8 Western a 2021, da 7mm PRC a 2022.

Gudu ba sabon abu ba ne

Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne gasar gudu ta girmi kakanninmu. Tun 1915 harsashin .250-3000 Savage ya kai mita 914 a sakan ɗaya. A 1935 .220 Swift ya haura mita 1,200 a sakan, kuma har yau 'yan ƙalilan ne suka fi shi. A shekarun 1940 Roy Weatherby ya kafa kamfani sukutum a kan ra'ayin cewa gudu ne ke kashe dabba.

Yanzu kwatanta: 7mm PRC na 2022 yana fita da gudun kusan mita 914 a sakan, alhali .270 Winchester na 1925 yana kaiwa kusan 930 da kan harsashinsa marar nauyi. Shi kuwa 6.5 Creedmoor, wanda ya fi duk sababbin karɓuwa, gudunsa kusan 820 ne kacal. Ashe dai ba a gudu sirrin yake ba.

Me gudu ke ƙarawa?

Gudu na ba da abu biyu. Na farko ƙarfin duka. Lissafinsa shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu, don haka idan gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, ƙarfi zai ƙaru da kashi 21. Kan harsashin .30-06 mai nauyin giram 11.7 da gudun mita 823 yana ɗauke da kusan jul 3,950 a bakin bindiga. Na 7mm PRC mai giram 11.3 da gudun 914 yana da kusan jul 4,700. Wannan bambanci ne na gaske.

Na biyu miƙewar tafiya. Da zarar harsashi ya bar bututu, ƙasa ta fara jansa, kuma iya daɗewarsa a sama iya faɗuwarsa. Buɗe kalkuletar wayarka ka gwada: raba nisa da gudu ka sami lokaci, sannan ka ninka lokacin da kansa, ka ninka da 4.9. Idan muka ajiye turjiyar iska a gefe, ga abin da za ka samu:

A mita 100, mai gudun 823 zai faɗi santimita 7, mai gudun 914 zai faɗi santimita 6.
A mita 300, santimita 65 da 53.
A mita 500, santimita 181 da 147.

Ka ga a mita 100 bambancin bai wuce faɗin ɗan yatsa ba. Galibin farautar barewa a dazuzzukan Amurka da Turai kuwa a kusa ake yin ta, cikin mita 200. A wannan nisa dabbar da aka samu a huhu ko zuciya ba za ta bambance harsashin 1906 da na 2022 ba.

Ainihin abin da ya sauya

Ci gaban yana cikin siffar kan harsashi. Iska na rage wa kowane harsashi gudu, amma dogo siriri mai tsini da nauyi ya fi gajere ratsa ta, kamar yadda kwale-kwale ya fi kwano ratsa ruwa. Irin wannan ko ya fito a hankali, zai riƙe gudunsa, kuma iskar da ke kaɗawa daga gefe ba ta karkatar da shi sosai. Shi ya sa a nisa mai yawa 6.5 Creedmoor ke iya wuce .308 Winchester duk da bai fi shi albarushi ba.

Sai dai dogon harsashi yana son ya wuntsila a sama. Abin da ke hana shi shi ne juyi, kamar katantanwar da yara ke murzawa, wadda ba ta faɗuwa muddin tana juyawa da sauri. Cikin bututun bindiga akwai zane a murɗe da ke ba harsashi wannan juyi. Tsoffin bindigogin .270 suna juya shi sau ɗaya a kowane inci 10, wanda bai isa ya riƙe dogayen harsasan zamani ba. Sababbi irin 6.5 Creedmoor da 7mm PRC an tsara su da juyi ɗaya a kowane inci 8, an kuma bar wa dogon kai isasshen wuri a cikin bututu. Abin mamaki, 6.5x55 na 1894 ma da juyi mai sauri da dogon harsashi aka yi shi, kuma maharban Suwidin sun shafe fiye da shekara 100 suna kayar da manyan namun dawa da shi. Wani sabon, tsoho ne aka yi wa kwaskwarima.

Nan fasahar zamani ta taimaka ƙwarai. Hornady sun yi amfani da na'urar rada wajen bin harsashi a sama, suka gano cewa zafin gogayya da iska na narkar da tsinin roba da ake sa wa wasu harsasai, sai suka sauya robar a samfurinsu na ELD-X.

Kuɗin da ake biya

Gudu ba kyauta ba ne. Na farko, bututu na saurin mutuwa. Albarushi mai yawa da ke bi ta ƙaramar kafa yana cinye farkon bututun da zafi, kamar yadda yawan zafi ke kashe batirin waya. Harsashin .264 Winchester Magnum na ƙarshen shekarun 1950 ya yi ƙaurin suna a kan haka, sai 7mm Remington Magnum ya zo a 1962 ya ƙwace masa kasuwa. 28 Nosler ma da irin wannan matsala aka san shi, yayin da bututun .308 ke jure harbi dubbai.

Na biyu, dukan kafaɗa da ƙara. Iya ƙarfin da ya tafi gaba, iya naushin da ke dawowa baya. Maharbin da ke tsoron bindigarsa yakan zabura kafin ya ja kunama, sai ya kuskure ko ya raunata dabba ta gudu ta mutu a wahale. Wannan ne abin da ya fi komai muni a farauta.

Na uku, harsashi mai tsananin gudu yakan tarwatse idan ya sami dabba a kusa, ya ɓata nama ko ya kasa shiga ciki. Hakan ya faru da John Nosler a wata farauta a Kanada a 1946, abin da ya sa ya ƙera harsashin Partition ya fara sayarwa a 1948. Yau akwai na jan ƙarfe zalla da ba ya wargajewa, kuma jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya tun 2019. Lura da cewa waɗannan ingantattun kawunan ana ɗora su a kan tsoffin kwanso ma. Mai .30-06 na yau yana cin moriyar fasahar da kakansa bai samu ba.

Na huɗu, tsada da ƙarancin samu. Winchester sun fito da jerin WSSM a 2003 da talla mai yawa, cikin 'yan shekaru kasuwarsu ta mutu, masu bindigogin suka koma neman harsashi kamar mai neman cajar tsohuwar waya.

Inda wayarka ta shigo

A da, maharbi da ido yake kintatar nisa, don haka harsashi mai miƙewa yana rufa masa asiri idan ya yi kuskure. Yanzu akwai na'urar auna nisa da hasken lesa, da manhajoji irin Hornady 4DOF da Applied Ballistics da ke lissafa faɗuwar harsashi daga nisa, zafi da matsin iska. Idan manhaja za ta gaya maka adadin faɗuwar, to santimita 65 da 53 duk lamba ce da za a gyara a madubin hange. Abin da ke da wuyar sani har yanzu shi ne iskar gefe a tsakaninka da abin hari, kuma nan siffar harsashi ta fi gudu amfani.

Gasar dai ba ta tsaya ba. A 2025 kamfanin Federal ya fitar da 7mm Backcountry mai kwanson ƙarfe, wanda ke jure matsin psi 80,000, alhali iyakar .30-06 psi 60,000 ce. Manufar ita ce a sami gudun doguwar bindiga daga gajeren bututu.

To sun fi ko ba su fi ba?

Ga mai gasar harbin nesa, ko mai farauta a fili fetal inda dabba ke tsayawa a mita 400 ko fiye, sababbin sun fi, kuma dalilin shi ne dogon kai, saurin juyi da daidaiton ƙira. Ga mai farauta cikin mita 300, .270 da .308 da .30-06 suna yin aikin daidai, da arha, da sauƙin samu. Mutum ya ƙware da abin da ke hannunsa ya fi masa sayen sabo duk shekara.

Wannan darasi ya shafi waya ma. Idan kamfani ya rubuta babbar lamba a jikin kwali, megafiksel ce ko gudun caji, tambayi kanka a wane yanayi za ka ga amfaninta, kuma me aka rage don a same ta. Sai mun haɗu a darasi na gaba, Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani.